Yadda nake kallon turken shanunmu na Dagona daga Agege

Ni ɗan Dagona ne, ƙauyen nan na ƙasar Bade da ke tsakanin Gashuwa da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka lokacin hunturu. Baba fataucin shanu yake yi, ni kuma ina Agege ina karɓar kaya a Oko-Oba.

Bara muka turke bijimai saboda Babbar Sallah, sai dusa da harawa suka riƙa ƙarewa kafin lokaci. Baba ya fara zargin yaron da ke kula da su, yaron da ya shekara biyar tare da mu. Na ce Baba a dakata tukuna. Da na je gida sai na haɗa kyamara biyu, da na'urar da ke naɗar hoto, da rauta mai layin waya, duk a kan sola. Ina cikin gida komai na fita tangaran a wayata. Ina isa Legas, shiru kake ji. Abin da na koya daga nan shi ne zan bayyana, don na san da yawanmu na son sa ido kan gida ko shago daga nesa.

Ka ɗauki rauta kamar maigadin gidan haya. Gidan yana da adireshi ɗaya da duniya ta sani, kowane ɗaki kuma yana da lambarsa ta ciki. Lambobin ciki su ne irin 192.168.1.20. Idan baƙo ya zo daga waje, maigadi ba zai bar shi ya wuce ba sai an riga an faɗa masa ɗakin da za a kai shi.

Mataki na farko: tsayar da lambar ɗaki. Rauta ce ke raba lambobin ciki da kanta, ta tsarin da ake kira DHCP. Matsalar ita ce duk sanda batir ya mutu aka sake kunnawa, tana iya bai wa na'urar wata lamba daban. Ka haɗa wayarka da rautar, ka buɗe burauza, ka rubuta adireshin da ke jikin takardar bayanta, galibi 192.168.0.1, 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ka shiga sashen DHCP, ka nemo na'urar naɗar hoton ta lambar MAC ɗinta, wadda ita ba ta canzawa, ka ɗaure ta da lamba guda, misali 192.168.1.50. Daga ranar ɗakin nan nata ne.

Mataki na biyu: buɗe ƙofa. Kowane aiki a intanet yana da lambar ƙofarsa. A rautar za ka ga wurin da aka rubuta Port Forwarding, wasu kuma Virtual Server. Nan za ka sa lambar ƙofa, ka sa 192.168.1.50, ka zaɓi TCP, ka adana. Na'urorin Hikvision na amfani da 8000, na Dahua 37777, hoton kai tsaye kuma 554. Wadda kake buƙata kawai za ka buɗe. Wajen gwaji ka kashe wayifai ka kunna datar wayarka, don gwaji daga cikin gida yana ruɗar mutum.

Mataki na uku shi ne inda na sha wuya. Na yi duk wannan daidai, amma ko motsi. Ashe yawancin intanet na layin waya ba sa ba mutum adireshin waje nasa shi kaɗai, mutane da yawa ake haɗawa kan adireshi ɗaya. Sunan abin CGNAT. Wato bayan maigadinka akwai wani babban maigadi a bakin unguwa, shi kuwa ba ka da ikon ba shi umarni. Gane shi ba wuya: duba adireshin WAN a shafin rautar. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kada ka wahalar da kanka, ƙofar ba za ta buɗu daga waje ba.

Mafita biyu ce. Ko ka tambayi kamfanin intanet ɗinka su ba ka adireshin waje naka, abin da ya fi samuwa ga masu fayiba a birni, in kuma yana canzawa ka haɗa da DDNS, wanda ke ba ka suna guda da ke bin adireshin duk inda ya koma. Ko kuma ka bi manhajar kamfanin kyamarar, irin Hik-Connect ko DMSS, ka ɗauki hoton lambar QR da ke jikin na'urar. A nan na'urar ce ke fita da kanta ta nemi wayarka, ba sai an buɗe ƙofa ba. Wannan ta biyun ce ta yi mana aiki a Dagona.

Gargaɗi ɗaya, don Allah: canza kalmar sirrin da aka sayar maka da na'urar da ita, ta rauta da ta kyamara duka. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da rautoci a duniya, ba don komai ba sai don masu su sun bar kalmar sirri ta kamfani. Kyamarar gida iyalinka take nunawa, ba abin sakaci ba ne.

Maganar dusa kuwa, kwana uku da fara kallo na ga ɓarayin: awakin unguwa ne ke shigowa ta ɓarakar danga da asuba, kafin yaron ya dawo daga masallaci. Na tura wa Baba bidiyon, ya kira yaron ya nemi gafararsa, aka gyara danga. Wallahi ko don wannan kuɗin kyamarar sun fita. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya kare mu daga zargin marar laifi.