Zuwa Indunusiya: Abin Da Za Ka Sani Kafin Ka Ɗaure Kaya

Duk wanda ya yi aikin Hajji ya ga mutanen da Larabawa ke kira Jawa, suna ɗawafi a jere cikin natsuwa. Ƙasarsu ita ce Indunusiya, mai tsibirai fiye da 17,000, wadda ƙidayar 1920 ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na ta yau ba: a ƙidayar 2020 an samu mutum miliyan 270, galibinsu Musulmi. Yaranmu na Soba da Umdurman sun fara duban can, wasu don karatu, wasu don sarin tufafi a kasuwar Tanah Abang ta Jakarta.

Zumunci tsakaninmu da su tsoho ne. Shaihu Ahmad Surkati, mutumin Dongola, ya sauka Jakarta a 1911, lokacin ana kiranta Bataviya. Ya kafa makarantun Al-Irshad, kuma can ya rasu a 1943. Sudan ta halarci taron Bandung na 1955 tun ba ta sami mulkin kai ba. Ɗalibansu da yawa sun yi karatu a Jami'ar Afirka ta Hartum, har yaƙin 2023 ya sa aka kwashe su. Saboda haka in ka ce daga Sudan kake, ba za a yi maka kallon baƙon ido ba.

Takardu da hanya

Fasfonka ya zama da sauran wata shida aƙalla. Nemi biza tun kana gida, kada wani dillali ya ce maka za a buga a filin jirgi. Riƙe katin rigakafin shawara, domin Sudan tana cikin ƙasashen da ake neman wannan kati daga matafiyansu. Wanda ya wuce kwanakin bizarsa tara yake biya a kan kowace rana. Hanya kuwa sai an canja jirgi a Jidda, ko Doha, ko Dubai. Daga Jidda zuwa Jakarta kamar awa goma ne, kuma agogonsu yana gaban namu da awa biyar.

Kayan wani

Ga inda nake roƙon iyaye su buɗe kunne. Dokar Indunusiya kisa ta tanadar wa mai fataucin ƙwaya. A 2015 an harbe baƙi da dama a kan wannan laifi, har da 'yan Nijeriya. Mu kuwa mutane ne masu kunya, in ɗan'uwa ya ce riƙe mini wannan ƙunshi ka ba wane, nauyin cewa a'a muke ji. To, a wannan tafiya ajiye kunya a gida. Duk saƙon da ba a buɗe shi a gabanka ba, kada ka karɓa, ko na wane ne. Alƙali ba zai tambayi wanda ya ba ka ba, wanda aka samu da jaka shi ne mai jaka.

Yanayi da lafiya

Zafinsu bai kai na Hartum ba, amma akwai gumi dare da rana. A tsibirin Jawa ruwa yakan yi ƙarfi daga Nuwamba zuwa Maris. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba, sai da man shafawa. Kada ka sha ruwan famfo. Motoci hannun hagu suke bi, saɓanin namu, sai ka fara duba dama kafin ka tsallaka titi. Kuɗinsu rufiya ne, mai yawan sifili, ƙirga da kyau.

Salla da abinci

Mu nan arewa maso gabas muke fuskanta, su kuwa alƙiblarsu yamma ce, ta ɗan karkata arewa. Shafi'iyya ne: za ka ji liman ya bayyana Bisimilla, ya yi ƙunutin Asuba bayan ruku'u. Bi shi, kada ka ta da gardama. In ka samu dama ka yi Juma'a a masallacin Istiƙlal, wanda aka buɗe a 1978. Shinkafa ce abincinsu safe da yamma, ga barkono. A Bali yawancin mutane mabiya addinin Hindu ne, ana cin alade, sai ka nemi alamar halal. Kada ka shirya tafiya a ƙarshen azumi, lokacin miliyoyi ke komawa garuruwansu, mota da jirgi duk a cike.

Harshensu ma ba zai gagare ka ba. Senin, Selasa, Rabu, Kamis, Jumat, Sabtu: ai ka ji Litinin har zuwa Asabar. Godiya kuma "terima kasih".

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu. Amin.