Santsi da Taɓo: Kalmomin Kafewa a Siyasar Kaduna

Wanda ya zauna hira da tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri zai iya jin an kira ɗan siyasa "santsi" ko "taɓo". Kalmomin damina ne: taɓo yakan riƙe ƙafa, santsi kuwa zamar da ita yake yi. Sun shiga siyasa a 1980, sa'ad da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu. Waɗanda suka kafe tare da Malam Aminu Kano su ne 'yan taɓo. Mabiyan gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa kuwa 'yan santsi, watau sun zame.

Abin lura shi ne, wanda aka ce ya zame a jam'iyya shi ne ya kafe a gwamnati. Balarabe ya ƙi raba kujerun kwamishinoni da NPN, mai rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Kaduna. Ita kuma ta ƙi mutanen da ya gabatar. Haka ya yi mulki ba kwamishina har aka tsige shi ran 23 ga Yuni, 1981. Masoyansa suka ɗauki tsigewar lambar girma, abokan hamayya suka ce sakamakon taurin kai ne. Ashe kafewa da zamewa sun danganta ne da inda mai magana ya tsaya.