Girka Manhaja Daga Tushenta da Kuma Cire Ta

Asalin kowace manhaja rubutu ne, watau tushenta, wanda sai an harhaɗa shi kafin kwamfuta ta fahimce shi. Domin sauƙaƙa wannan aiki ne Stuart Feldman ya ƙirƙiro make a Amurka cikin 1976. Mai amfani da Linux yakan ba da umarni uku: ./configure ya binciki na'urar, make ya harhaɗa, make install kuma ya rarraba fayiloli, galibi a ƙarƙashin /usr/local.

Wahalar tana wajen cirewa, domin na'urar ba ta riƙe lissafin inda fayilolin suka shiga. Umarnin make uninstall kuwa daga jakar tushen yake aiki, kuma ba kowace manhaja ke da shi ba. Lalle ne a adana jakar tun ranar girkawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.