An ci moriyar ganga: labarin Dunƙulen Kitse

A shekara ta 1880 ne wani matashin marubuci na ƙasar Faransa, Guy de Maupassant, ya fitar da gajeren labarinsa "Boule de Suif", wato Dunƙulen Kitse, cikin wani kundi da suka haɗa shi da Emile Zola da wasu marubuta huɗu. Labarin gajere ne, amma ya tona asirin manyan mutane.

Abin ya faru lokacin yaƙin 1870, sa'ad da sojojin Purusiya suka mamaye birnin Ruwan. Mutum goma suka shiga keken doki da asuba, cikin sanyi da ƙanƙara, suka nufi Diyef. Akwai attajirin giya da matarsa, da mai masaƙun auduga da tasa, da wani basarake da uwargidansa, da mata biyu masu zaman ibada a coci, da ɗan siyasa Cornudet. Ta goma ita ce Elisabeth Rousset, mace mai zaman kanta, wadda ake wa laƙabi da Dunƙulen Kitse saboda ƙibarta.

Da matan suka gane ta, sai aka shiga raɗa da harara. Amma hanya ta yi tsawo, yunwa ta kama kowa, kuma ita kaɗai ta yi guzuri, na kwana uku, har da kaji. Ta miƙa musu cikin ladabi, suka cinye tas. Nan take ta zama abokiyar hira. Ashe ƙyamar tasu ba ta fi ƙarfin cikinsu ba.

A ƙauyen Tot wani hafsan Purusiya ya hana su wucewa sai ta kwana da shi. Ta ƙi, don kishin ƙasarta. Da ma ta gudo daga Ruwan ne bayan ta shaƙe wani sojan abokan gaba da aka saukar a gidanta. Da fari fasinjojin sun yaba mata. Da kwanaki suka ja, dukiya da kasuwanci na jiransu, sai suka ƙulla mata makirci a lokacin da ta tafi coci kallon baftismar wani jariri, domin ita ma tana da ɗa a hannun manoma. Aka yi ta ba ta labaran matan da suka sadaukar da kansu. Har tsohuwar mai ibadar ta nuna cewa kyakkyawar niyya tana wanke aiki. Daga bisani ta yarda.

Washegari aka kama hanya. Kowa ya yi guzuri, ban da ita, da ta fito a gaggauce. Suka kau da kai kamar ba su taɓa ganinta ba, suka ci, ba wanda ya ce mata bismilla. Cornudet, wanda ya zarge su da aikata abin kunya, shi ma ya cinye dafaffen ƙwansa shi kaɗai, yana fito da taken ƙasa, ita kuwa tana kuka a cikin duhu.

Marubucin bai wanke sana'ar Elisabeth ba, bai kuma yi wa kowa wa'azi ba. Ya jera abinci biyu ne, na farkon tafiya da na ƙarshenta, ya bar mai karatu ya auna. Wadda aka raina ta ba da abin hannunta ba tare da an roƙe ta ba. Masu mutunci kuwa sun ci moriyar ganga sun yar da kwaurenta. Raininsu ya yi musu amfani, domin muddin suna kallonta a matsayin ƙazama, ba su ga bashin da take bin su ba, balle su biya.

Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A cikin keken nan dai ya faɗi. Abin da ya rage shi ne attajiri da ma'aikaci kowa ya tuna wanda ya taɓa cin guzurinsa, sannan ya daina gaishe shi.