Na'urar Auna Yanayi da Noman Tudu a Ƙasar Wudil

Na'urar auna yanayi mai sarrafa kanta turke ne na ƙarfe da ake kafawa a fili, a ɗaura masa ma'aunai da ke ɗaukar lissafin ruwan sama, zafi, damshi da ƙarfin iska dare da rana, ba tare da ma'aikaci ya tsaya a kai ba. Faifan sola ne ke caja batirinta, layin waya kuma ya aika alƙaluman zuwa kwamfutar ofis.

Ma'aunin ruwa shi ne ya fi shafar manomi. Mazurari ne a sama, a ƙarƙashinsa akwai ɗan cokali mai baki biyu da ke lilo kamar sikeli. Idan gefe ɗaya ya cika, galibi da ruwan milimita 0.2, sai ya rinjaya ya zubar, ɗayan ya karɓa, na'urar kuwa tana ƙirga kowace juyawa tare da lokacinta. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya ta ruwa a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Ma'aunin zafi yana cikin farar rumfa mai ƙofofin iska don kada rana ta buge shi, na iska kuma kofuna uku ne masu juyawa a ƙololuwar turken.

Noma iri biyu ake yi a ƙasar Wudil. Mai fadama yana da kogi, wanda ya samu daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa, kuma madatsun Tiga da Challawa ke daidaita ruwansa. Mai gonar tudu, da geronsa da dawa da wake da gyaɗa, ba shi da abin dogaro sai abin da ya sauko daga sama. Tashar Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, da ke filin jirgin saman Malam Aminu Kano tana da tarihin awo mai tsawo, amma tazararta da Wudil ta haura kilomita 40. Ruwan farkon damina kuwa ba ya game ƙasa: hadari kan taso daga gabas ya sheƙa a Gaya, a Wudil ko ɗigo.

A nan ne amfanin awo kusa da gona yake fitowa, musamman wajen gane ruwan shuka. Manomi kan tona ƙasa da hannu ya duba inda laima ta kai, kuma dabara ce mai kyau. Masana a yankin Sahel sun ƙara mata ma'auni: damina ta kama idan aka tara milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a yi ɗaukewar ruwa fiye da kwana bakwai ba a kwana 30 da suka biyo baya. Wanda ya yi shuka a kan yayyafin da bai kai haka ba yana iya asarar iri da taki, ya sake shuka.

Na'urar tana son kulawa. Ƙurar hunturu kan rufe faifan sola, kashin tsuntsu da ganye su toshe mazurari, zanzaro ya gina ɗaki a cikin cokalin, sai ta riƙa nuna fari alhali ana marka. Dole a kewaye ta saboda dabbobi, a kuma nisanta ta da bishiya da gini.

Wudil tana da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ke da ɗaliban da za su iya ɗaukar wannan aiki. NiMet kuma tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hasashen da ingancinsa ya dogara da yawan wuraren awo. Abin da ya rage shi ne alƙaluman su isa ga manomi da Hausa, ta rediyo da bakin malaman gona, kafin ya fita da iri.