Wharram Percy: Ƙauyen da Tumaki Suka Mayar Kufai

A wani kwari da ke tsaunukan alli na yankin Yorkshire, arewacin Ingila, akwai kufan wani ƙauye mai suna Wharram Percy. Abin da ya saura a tsaye shi ne kangon cocin St Martin da ba rufi. Gidajen kuwa sun zama tudun ƙasa da ciyawa ta lulluɓe, sai da hantsi ko da la'asar sakaliya inuwa ke fito da shatin bangayensu.

Sunan ƙauyen ya fito a kundin Domesday, wato ƙidayar ƙasa da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086. Daga baya aka liƙa masa sunan zuriyar Percy, masu ƙasar. Mazaunansa manoma ne, suna noman hatsi a dogayen kunyoyi, suna biyan ubangida haya.

Annobar da ta auka wa Ingila a 1348 zuwa 1349 ta rage yawan jama'arsa, amma ba ita ta kashe shi ba. Kuɗi ne suka kashe shi. A ƙarni na 15 ulu ya yi daraja, ƙwadago kuma ya yi tsada. Mai ƙasa ya duba ya ga makiyayi ɗaya da garkensa sun fi masa riba a kan magidanta goma masu garma. Wajen 1500 aka tashi iyalai huɗu, aka rushe gidajensu, gonaki suka koma makiyaya. Ƙauyukan Ingila kusan 3,000 ne suka watse a waɗannan ƙarnuka, da dama ta wannan hanya.

Abin da ya bambanta Wharram Percy shi ne tonon da Maurice Beresford da John Hurst suka jagoranta daga 1950 zuwa 1990. Sun gano cewa manoma kan sake gina gida a fili ɗaya, zamani bayan zamani. Daga maƙabartar cocin an nazarci ƙwarangwal 687. Ƙasusuwan sun nuna iyaye mata kan shayar da jarirai har kusan wata 18, kuma yara kan tashi a tsumbure saboda ƙarancin abinci.

Takardun masu ƙasa sun rubuta haya da haraji. Yadda talakan ya rayu kuwa, sai a ƙasusuwansa da harsashin ɗakinsa aka karanta shi.