Filawil mara nauyi: abin da ya kamata ka sani kafin a sauke maka giya

A garejojin Parakou da Djougou akan samu mai mota ya zo da magana ɗaya: ya ji an ce idan aka rage nauyin filawil, mota tana ƙara gudu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma akwai abin da ba a faɗa masa ba.

Mene ne filawil?

Wani faifan ƙarfe ne mai kauri da ke ɗaure a bayan inji, tsakaninsa da giya. Makanikan da suka koyi aiki da Faransanci suna ce masa volant moteur. A fuskarsa kuloci ke kamawa, haƙoran da ke zagaye da bakinsa kuma su sitata ke cafka idan ka murɗa makulli. A ƙaramar mota nauyinsa yakan kai kilo 7 zuwa 12.

Me ya sa aka yi shi da nauyi?

Inji ba ya ba da ƙarfi a miƙe, bugu-bugu yake bayarwa. Kowane fistan sau ɗaya wuta ke tura shi a cikin juyi biyu na inji. Filawil ne ke riƙe ƙarfin wannan bugun, ya ci gaba da juyawa har na gaba ya zo. Ka lura da injin niƙa na unguwa: ko an kashe shi, babban ƙarfen nan na gefensa sai ya ɗan jima yana juyi kafin ya tsaya. Aikin ke nan.

To, in an rage nauyin me za ka samu?

Da ka taɓa totur inji zai amsa nan take, da ka saki ya sauko da sauri. A giya ta ɗaya da ta biyu za ka ji motar ta fi zafin tashi. Shi ya sa masu tseren mota ke son filawil na alminiyam mai kilo 4 ko 5. Amma ka sani, ƙarfin inji bai ƙaru ba ko kaɗan. Idan ka miƙa a giya ta biyar kan hanyar Parakou zuwa Djougou, tafiyar kilomita 130 da ɗoriya, da wuya ka ji wani bambanci.

Me za ka rasa?

A nan ne ya kamata direban haya ya nutsu. Ka ɗauka ka cika mota da fasinja, but ɗin ya danne da buhunan doya, kana son fita daga cunkoson kasuwar Arzeke ta Parakou, 'yan zemijan masu haya da babur na kutsowa ta ko'ina. Filawil mai nauyi ne ke taimaka maka ka tashi a hankali. In babu wannan nauyin, da ka ɗaga ƙafa daga kuloci inji na iya mutuwa. Dole ka riƙa ƙara totur kana jan kuloci, shi kuwa kuloci a haka yake ƙonewa. Mai bi ta Natitingou ya shiga duwatsun Atakora da kaya zai fi kowa gane wannan a kan hawa.

Akwai kuma karkarwa da ƙarar giya idan mota na tsaye inji na aiki. Abin ya fi tsanani a motocin dizal da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Da yawa cikinsu filawil mai hawa biyu gare su, da sifirin a tsakiya mai shanye girgiza. Ka cire shi ka sa guda mara nauyi, giya ce za ta sha girgizar.

Zan iya kai nawa a sassaƙe shi?

Don Allah kada ka yi. Filawil na ainihi galibi zubin ƙarfe ne. Idan mai injin sassaƙa ya ci shi a inda bai kamata ba, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, yana iya tarwatsewa inji na tsakar gudu, kuma kusa da ƙafafunka yake.

Wa abin ya shafa, kuma nawa zai ci?

Masu mota mai kuloci kawai. Mai otomatik ba shi da irin wannan filawil ɗin. Kuɗin kuwa ba na ƙarfen kaɗai ba ne: sai an sauke giya gaba ɗaya, a sa sababbin kusoshi, sau da yawa har da sabon kuloci. Idan bai yi maka ba, za ka sake biyan kuɗin aiki a mayar da tsohon, don haka ka ce wa makanike ya ajiye maka shi.